Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Hausawa suna da wani karin magana da sukan yi wa mutumin da ba ya iya riƙe asiri, watau su ce masa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da suke nufi shi ne, ban da abinci akwai wani abu kuma da ake zubawa a ciki a adana, watau magana. Ni kuwa a wannan ɗan rubutu ina so in ari wannan karin magana in kai shi wani fage dabam, gama na tashi ina jinsa a bakin iyayena da wata fassara wadda ba ita muka karanta a aji ba. Mu Hausawa ne, kuma Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. A wurinmu in aka yi wannan karin magana, to, ana nufin a ɗan ture akushi gefe, a ɗauko Littafi Mai Tsarki a karanta tukuna, sa'an nan a wanke hannu a ci.

Na san yawancin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, malamaina da abokan karatuna. Ba gardamar addini ce ta kawo ni ba. Nufina kawai in bayyana dalilin da ya sa Kirista yake ɗora maganar Allah a bisa abinci, da kuma abin da wannan yake nufi ga ɗalibin da a yau sau ɗaya tak yake ɗora tukunya a yini. Na tabbata batun ba zai zama baƙo ba ga duk wanda ya san azumin watan Ramalana, ko ya taɓa ganin yaro ya bar tuwon gidan ubansa ya tafi gabas neman karatu.

Tushen al'amarin yana cikin Linjila ta hannun Matiyu, sura 4. An ba da labari Yesu Almasihu ya yi kwana 40 a jeji yana azumi dare da rana, har yunwa ta kama shi. Nan Iblis ya zo masa da shawara, wai tun da yake yana da iko, me zai hana ya mai da duwatsun da ke gabansa gurasa ya ci? Yesu ya ƙi. Amsar da ya bayar kuwa daga Attaura ya ɗauko ta, daga littafin Maimaitawar Shari'a sura 8, inda Annabi Musa yake tuna wa Bani Isra'ila shekara 40 da suka yi a jeji. Abin da amsar ta ƙunsa a taƙaice shi ne, ran ɗan Adam bai rataya ga gurasa ita kaɗai ba, akwai bukatar maganar da Allah ya faɗa. Abin lura a nan shi ne, ba ƙoshi ne ya sa shi yin wannan magana ba. Mai yunwar kwana 40 ne ya yi ta, kuma da abincin a gabansa in da ya so.

Da yake ni ɗalibin harshe ne, kalmar nan gurasa ta daɗe tana yi mini kai da kawowa a rai. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun yi amfani da ita a wurare da yawa, kuma ba su yi laifi ba, gama a ƙasar Falasɗinu ta wancan zamani abin da aka gasa na garin alkama ko na sha'ir shi ne abincin yau da kullum. Amma fa a ƙasar Hausa gurasa ba haka take ba. Sunanta ma daga Larabci muka aro shi, kuma abincin birni ce, musamman Kano. A ƙauyenmu sai ranar kasuwa muke ganinta wajen mai tsire, a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa garin ƙuli, a zuba mai da albasa. Saboda haka yaron ƙauye in ya ji an ce gurasa kaɗai ba ta riƙe rai, sai ya ce a ransa, to, da ma wa ke rayuwa da ita? Ai abin marmari ce. Akwai wani tsohon mai bishara a garinmu da ya gane wannan. Duk ranar da ya karanta wurin nan sai ya ɗaga kai ya dubi mutane ya ce, "Jama'a, ku cire gurasa ku sa tuwo." Da an sa tuwo kuwa sai majami'a ta yi tsit, domin kowa ya san an taɓo inda ke masa ƙaiƙayi.

Ban da wannan ɗan cikas na gurasa, harshenmu ya riga ya share wa koyarwar hanya. Bahaushe yana cin abinci, yana cin kasuwa, yana cin riba, yana cin jarrabawa, yana cin sarauta. Har wa yau yana cin amana, yana cin hanci, yana cin mutuncin ɗan'uwansa. Magana ma a wurinsa kamar abinci take, ana tauna ta, ana haɗiye ta, wata da daɗi, wata da ɗaci, wata kuma ba gishiri. Wanda ya yi ilimi mai zurfi akan ce ya sha karatu ya ƙoshi. Don haka in Bahaushe ya karanta a Irmiya sura 15 cewa annabin ya sami maganar Allah ya ci, ko ya karanta a Ezekiyel sura 3 cewa an ba annabin naɗaɗɗen littafi ya ci ya ji zaƙi kamar zuma, ko kuwa ya ji Ayuba a sura 23 yana cewa ya fi daraja maganar Allah a kan abincinsa, ba ya bukatar dogon sharhi. Ya san abin da aka ci shi ke zama jini da tsoka. Wanda ya karanta aya, ya rufe littafi, ya fita ya cuci maƙwabcinsa, bai ci ba, ɗanɗanawa ya yi ya tofar.

To, a nan wani zai tare ni ya ce, malam, dakata, ai da ruwan ciki akan ja na rijiya. Gaskiya ne, kuma ɗalibi ya fi kowa sanin haka. A watan Afrilu na 1978, ƙarin kobo 50 da aka yi a kan kuɗin abincin ɗaliban jami'a, daga naira 1 da kobo 50 zuwa naira 2 a yini, yana cikin abubuwan da suka ta da tarzomar da ɗalibai suka nemi a sauke Kanar Ahmadu Ali daga kujerar Kwamishinan Ilimi na Tarayya, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A zamaninmu kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin abinci ya yi tashin gwauron zabo, har a watan Agusta na 2024 mutane suka fito kan titi a garuruwa da yawa suna kukan yunwa. A ɗakunan kwananmu an mai da abin raha, kowa yana faɗin lissafinsa: wani sifiri-ɗaya-sifiri, wani ɗaya-sifiri-ɗaya. Wanda bai san dawan garin ba ya ɗauka darasin lissafi ake yi, alhali kuwa ana ƙidaya karin kumallo da abincin rana da na dare ne. In na zo wa irin wannan ɗalibi da maganar fifita Littafi a kan tuwo, yana da iko ya tambaye ni ko na ci na ƙoshi ne na zo ina yi masa daɗin baki.

Amsar da zan ba shi ita ce, Littafin da kansa bai raina abinci ba. A Markus sura 6, da almajirai suka ce a sallami taro su je su nemi abin da za su ci, Yesu ya umarce su su ciyar da mutanen da kansu. A sura 8 kuma ya ƙi sallamar wani taron da yunwa, don kada su suma a hanya. Annabi Iliya da ya gudu jeji ya kwanta a gindin wani itace yana roƙon mutuwa, kamar yadda ya zo a 1 Sarakuna sura 19, abin da aka fara kawo masa shi ne abinci da ruwa, har sau 2, sai daga baya Allah ya yi masa magana. Manzo Yakubu a sura 2 ta wasiƙarsa ya yi kaca-kaca da mutumin da zai ga ɗan'uwansa ba abinci ba sutura, ya bi shi da fatan alheri kawai bai ba shi kome ba. A cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ma, wadda kowane yaron Kirista ya haddace, akwai roƙon abincin yini. Ashe ke nan duk mai wa'azin da ya ce wa mayunwaci ya yi haƙuri ya ƙoshi da ayoyi, shi kuwa rumbunsa cike, ba daga wannan Littafi ya samo wa'azinsa ba.

In haka ne, mene ne ma'anar fifikon? Ni dai daga bakin kakata na sami amsar da ta gamsar da ni. Ta sha ba mu labarin farin 1973, lokacin da ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye, rumbuna suka zama wayam. Kakana ya tafi ci-rani Kano tare da sauran magidanta, ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, cikinsu har da mahaifina. Kafin ya tafi ya zaɓi iri na gero da na dawa, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya ajiye a ƙuryar ɗakinta. Suka yi watanni suna cin ganyen tafasa da rama da ɗan abin da ya aiko. Ta ce akwai dararen da yara suka yi ta kuka har muryarsu ta dushe, ga tulun nan kuwa tana kallonsa. Maƙwabta suka ce mata ta fasa ta ɗiba, in ya so Allah ya kawo wani. Ta ƙi. Da damina ta dawo, waɗanda suka cinye irinsu suka shiga yawon rance, waɗansu har ruwan shuka ya wuce su, ita kuwa da mijinta suka fita gona da sassafe.

Wata rana na tambaye ta, na ce, "Kaka, ashe ba ki ji tausayinsu ba?" Ta yi dariya ta ce, "Kai dai mai gidana, yaro man kaza. Ai tausayin ne ya hana ni buɗewa. In na daƙa na tuƙa, su ƙoshi kwana 3, ran na 4 fa? Baɗi fa?" Sa'an nan ta nuna Littafinta, wanda ta naɗe da tsohon ɗankwali, ta ce, "Wannan ma iri ne."

Ba ita ta fara faɗar haka ba. A Luka sura 8, cikin misalin mai shuka, Yesu ya fassara irin da maganar Allah. Zabura ta 126 kuma ta kawo siffar manomin da ya fita yana hawaye da irinsa a hannu, ya komo da dammuna yana murna. Wanda bai taɓa zama a ƙauye ba zai yi mamakin abin da ke sa manomi kuka ranar shuka. Mu kuwa mun sani: hatsin da yake zubawa a ƙasa shi ne wanda 'ya'yansa suke bukata a tukunya. Manomin da ya hana kansa cin iri bai raina tuwo ba, ya fi kowa sanin darajarsa, shi ya sa ya tsare abin da tuwon baɗi zai fito daga gare shi. Haka Kirista ya ɗauki maganar Allah. Ita ce abin da ba a taɓawa kome tsanani, domin in ta tafi, sauran ma ba za su daɗe ba. A ganina wannan fifiko yana bayyana a wurare 3.

Na farko, yana bayyana a cikin abin da mutum ya ƙi sayarwa saboda cikinsa. Littafin Farawa sura 25 ya ba da labarin Isuwa, wanda ya komo daga farauta a galabaice, ya tarar da ƙanensa Yakubu yana dafa fate, ya sayar masa da matsayinsa na ɗan fari a kan ƙwarya guda. Ya ci, ya sha, ya tashi ya yi tafiyarsa. Daga baya ya nemi albarkar da hawaye bai samu ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. Irin wannan ciniki bai ƙare da Isuwa ba. Gab da zaɓen 2023 waɗansu mutane suka zo ƙauyenmu da dare da mota cike da taliya da sabulu, ana bi gida gida. A lokacin rumbunmu ya yi ƙasa, kuma kuɗin makarantata yana gaba. Mahaifina ya fito ya gaishe su, ya yi musu godiya, ya ce su kai gaba. Da suka tafi ƙanwata ta ce, "Baba, ai da ka karɓa, ranar zaɓe ka zaɓi wanda kake so, wa zai sani?" Ya ce, "In na karɓa na yi alkawari, in na saɓa na yi ƙarya. Wanne zan ɗauka in hau bagadi da shi ran Lahadi in karanta wa mutane Littafi?" Ban ga laifin gwauruwar da ta karɓa don ta ciyar da marayunta ba, Allah ne ya san nauyin da ke kan kowa. Amma na ga abin da Littafi ya yi a cikin mutumin da ya daɗe yana cinsa. Mu ma a nan makaranta ana kawo mana irin wannan ƙwarya: wani a ce ya zauna wa wani jarrabawa a biya shi, wata a ce ta ba da mutuncinta a ɗauke mata nauyin abinci. Yunwar gaskiya ce, ƙwaryar ma gaskiya ce, sai dai abin da ake karɓa a madadinta ba ya dawowa.

Na biyu, yana bayyana a cikin abin da mutum yake yi da ɗan abincin da ya samu. A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, mu 3 a ɗakinmu, biyu Kirista ɗaya Musulmi, abin da ya rage mana bai fi rabin mudu na garin kwaki ba da ɗan ƙuli, ga sauran kwana 2 a gama jarrabawa. Da safe karatun da ya faɗo mana mu biyun shi ne labarin gwauruwar Zarefat, a 1 Sarakuna sura 17, wadda ta ciyar da Annabi Iliya daga ɗan garin da ya rage mata ita da ɗanta. Da yamma muka jiƙa gari, sai ga wani ɗan ajinmu daga ɗakin da ke kusa ya shigo wai aron littafi. Kowa ya ga idonsa ya faɗa, kowa kuma ya san ba littafi ne ya kawo shi ba. Abokina ya dube ni, na dube shi, ɗan'uwanmu Musulmi kuwa ya riga ya miƙa hannu ya ɗauko cokali na 4. Garinmu bai ƙaru ba kamar na matar Zarefat. Mun kwana da sauran yunwa, washegari ma haka. Amma da a ce mun jira baƙon ya fita sa'an nan muka ci, da karatun da muka yi da safe ya zama hayaniya kawai. Ci naka in ci nawa ba rowa ba ne, mugun zama ne. Abinci ba ya iya koya wa mutum yadda zai raba shi, sai wani abin da ya fi shi. Shi ya sa mai rumbu 10 yakan kwana yana tsoron ɓarayi, mai mudu guda kuma ya kira maƙwabci.

Na uku, yana bayyana a cikin dalilin da ya sa mutum yake bin Allah tun farko. A Yahaya sura 6, bayan Yesu ya ciyar da mutum wajen 5,000 da gurasar sha'ir 5 da kifi 2, taron suka so su naɗa shi sarki ƙarfi da yaji. Washegari suka haye teku suna nemansa. Da suka same shi bai yabe su ba, ya gaya musu a fili cewa ƙoshin jiya ne ya kawo su. Da ya ci gaba da koyarwa mai wuyar haɗiya, da yawa suka watse. Wannan sura tana yi mana hannunka-mai-sanda, mu Kiristan yau. Akwai masu wa'azin da suka mai da majami'a kasuwa, kullum zancensu kawo kaza ka sami kaza, mota da gida da ƙarin girma, sai ka ce da Allah ake cinikin. Wanda ya bi Allah don tuwo, tuwon ne ubangijinsa, kuma ranar da tuwo ya yanke bin ma ya yanke. Ayuba da ya rasa dabbobinsa da 'ya'yansa da lafiyarsa, abin da ya riƙe shi bai fito daga rumbu ba.

Akwai kuma wata kama tsakanin abincin biyu da ya kamata a ambata, watau kowannensu kullum ake bukatarsa. A Fitowa sura 16, da aka saukar wa Bani Isra'ila manna a jeji, an umarce su kowa ya tara na yini guda. Waɗanda suka ɓoye don gobe suka tarar ya yi tsutsa yana wari, in ban da ranar jajiberin Asabar da aka yardar musu su tara na kwana 2. Watau dai manna ba ta da ɗumame. Ba wanda zai ce ya ci tuwo ran Lahadi saboda haka ya huta sai wata Lahadin, amma da yawa daga cikinmu haka muke yi da Littafi. A gidanmu doka ce, ba a dama koko sai an yi addu'ar safe an karanta sura. Karatun ba ya wuce minti 15, kokon ma bai taɓa gudu ba. Mahaifiyata takan ce abin da ka fara sa wa ciki da safe shi ke yi maka jagora har dare.

In muka waiwayi yadda Littafin nan ya zo hannunmu da Hausa, za mu ga an sha wuya kafin a tuƙa mana wannan tuwo. Wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ne ya fara buga sassansa a 1857, bayan ya daɗe yana nazarin harshen, kuma ya ƙaru ƙwarai da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya kai Turai. Cikakken Littafin bai fito ba sai a 1932, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka fi sani da Likita Mila, ya yi tare da abokan aikinsa Turawa da Hausawa. An sake wata fassarar a 1979. A 1913 waɗansu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka zo wurin Mila a Zariya suna neman sanin Linjila, har suka bar garuruwansu suka zauna a Gimi, inda ciwon barci ya hallaka da yawa daga cikinsu. Daga baya, a 1929, mishan ta koma Wusasa, aka kafa majami'a da makaranta da asibiti wuri guda. A ƙauyuka irin namu kuwa, mutane da yawa ba don neman aikin gwamnati suka koyi a-ba-ca-da ba, don su karanta Littafi da idonsu ne. Kakata da 'ya'yanta 4 ta shiga ajin yamma na Zumuntar Mata, tana bin baƙaƙe da yatsa a hasken aci-bal-bal, kuma ɗan akuya ta sayar ta sayi Littafin nan da ta naɗe da ɗankwali.

Yau ga shi nan a cikin wayar kowannenmu, littattafai 66 cif, da Hausa da Turanci, kyauta, har da mai karanta maka in ka ga dama. Annabi Amos a sura 8 ya yi gargaɗin wata yunwa da za ta zo, wadda ba ta abinci ba ce ba kuma ta ruwa ba, ta jin maganar Allah ce. Kakanninmu sun ɗanɗani irin wannan yunwa domin Littafin ya yi musu nisa. Abin da nake ji mana tsoro shi ne kada mu mu mutu da ita alhali akushin yana cikin aljihunmu a rufe. Yunwar ciki tana da ƙararrawa, in ta zo hanji ya yi ƙugi, ido ya yi duhu, dole ka tashi ka nema. Ita kuwa ɗayar shiru take zuwa. Sai dai a wayi gari a ga mutum ya iya ƙarya ba kunya, ya iya cin abincinsa a gaban mayunwaci ba ko tayi, ya sami digiri ya hau kujera ya cinye abin da aka ba shi amana. Irin wannan mutum ya daɗe da ramewa, ƙibar jikinsa ce ta rufe.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai Kirista, mu nemi abinci iyakar ƙoƙarinmu, mu yi sana'a, mu yi noma lokacin hutu, mu faɗa wa shugabanni gaskiya in sun bar talaka da yunwa, gama Littafin da muke karantawa ne ya umarce mu da yin haka. Amma kada mu fasa tulun iri. Malamaina da abokaina Musulmi kuwa, na san kuna da naku bayanin mai zurfi a kan wannan batu, wanda zan so in karanta a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sawwaƙe mana tsadar abinci, ya kuma ba mu cikin da zai riƙe abin da ya fi tuwo. Amin.